Yadda Ake Zama da Mai Shaye-shaye a Taimaka Masa Ya Daina, Mataki-mataki

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini, daga iyaye da matan aure da malaman makaranta har da ma'aikatan lafiya, kusan kullum iri ɗaya ce: "Mun yi faɗa, mun yi nasiha, mun yi lallashi, ya rantse ya kuma karya. To ku masu ba da shawara, me kuke gaya musu wanda mu ba mu faɗa ba?" Gaskiyar magana, abin da muke faɗa bai kai rabin abin da kuka faɗa ba. Mai shaye-shaye ya fi mai yi masa wa'azi sanin illar abin da yake sha, tunda a jikinsa da aljihunsa take. Aikin mai ba da shawara shi ne ya sa dalilin dainawa ya fito daga bakin mutumin da kansa, sannan ya koya masa yadda zai yi idan ƙishin abin ya taso. Kuma aikin yana da jeri. Wanda ya tsallake matakin farko zai iya jefa ran mutum cikin haɗari da kyakkyawar niyya.

Na rubuta wannan ne domin ma'aikacin lafiya, jami'in walwala ko malamin shawara na makaranta da aikin ya faɗo masa, da kuma iyalan da ke son sanin abin da ya kamata su gani idan sun kai nasu wurin ƙwararre. Ba zai tsaya a madadin horo ko likita ba. Na yi ta cewa "shi" don sauƙin rubutu kawai, mata ma suna ciki, kuma kunya takan sa su fi ɓoyewa.

Abin da za ka tanada

Ɗaki wanda na waje ba zai ji abin da ake faɗa ba, kujeru biyu ba tare da tebur a tsakani ba, littafin rubutu ɗaya naka ɗaya nasa, da lambar wayar likita ko asibitin da za ka iya tura mutum a ranar. Sai takardun tambayoyi guda biyu na Hukumar Lafiya ta Duniya, waɗanda ake samu kyauta a intanet: AUDIT domin giya, da ASSIST domin sauran kayan maye. Ka ware minti 45 zuwa awa ɗaya ga kowane zama, ka kashe wayarka.

Mataki na 1: Duba haɗari kafin komai

Kafin ka yi maganar dainawa, ka san abin da yake sha. Wane abu ne, nawa a rana, sau nawa a mako, ta baki ko ta hanci ko ta allura, yaushe ya sha na ƙarshe, kuma yana haɗa wani da wani? Tambaya mafi muhimmanci ita ce: "Ka taɓa dainawa na kwana biyu ko uku? Me jikinka ya yi?" Idan ya ambaci karkarwa, gumi, amai, gane-gane ko jijjiga irin ta farfaɗiya, to jikinsa ya riga ya kamu, kuma yaye shi aikin asibiti ne.

AUDIT tambayoyi 10 ne, makinsa daga 0 zuwa 40. Wanda ya samu 8 ko fiye, shansa ya shiga haɗari. Wanda ya kai 20, a tura shi ga ƙwararre a duba ko ya kamu. ASSIST tambayoyi 8 ne, ana ba kowane abin maye makinsa daban, kuma 27 zuwa sama na nufin haɗari mai tsanani. Ka karanta tambayoyin yadda suke, kada ka yi musu kwaskwarima don jin nauyi.

A wannan zaman ne kuma za ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Mutane suna tsoron tambayar, suna ganin kamar za ta cusa masa tunanin. Ba ta cusawa. Idan ya ce e, kuma yana da hanyar da ya shirya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Mai yin allura a ba shi shawarar gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C. Mace mai ciki, likita ne zai ja ragamar komai.

Gargaɗi: kada ka taɓa ce wa wanda ya daɗe yana shan giya kullum, ko ƙwayoyin barci irin su diyazafam, ya yanke a dare ɗaya. Ciwon yayen giya yakan fara cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga na iya biyowa cikin kwana biyu, sannan ruɗewa mai tsanani a wajen kwana na biyu zuwa na huɗu, wadda takan yi kisa idan ba a kula ba. Diyazafam da danginsa a hankali likita ke rage su, wani lokaci tsawon makonni ko watanni. Kulle mutum a ɗaki "har abin ya fita daga jikinsa" ganganci ne.

Mataki na 2: Zama na farko, gina amana

Yawancin waɗanda za ka gani kawo su aka yi. Sun shigo a shirye su sha wani faɗan, sun toshe kunne tun daga ƙofa. Don haka bayan gaisuwa ka nemi waɗanda suka rako shi su ba ku wuri. A gaban mahaifinsa ba zai gaya maka gaskiyar adadin da yake sha ba.

Ka fara da faɗa masa iyakar sirri: abin da ya faɗa zai tsaya tsakaninku, sai fa idan ransa ko ran wani na cikin haɗari. Ka faɗi wannan tun farko, don kada daga baya ya ga kamar ka ci amanarsa. Sannan ka buɗe da abin da bai zata ba:

"Ɗan'uwa, na san ba lallai ne kai ka so zuwa nan ba. Na ji ta bakinsu, amma ban ji naka ba. Kai a wurinka yaya abin yake?"

Sai ka yi shiru. Shirun zai yi maka tsawo, ka daure. Idan ya ce, "Malam, ni fa ba ni da wata matsala, su ne suke zuzutawa," kada ka yi musu. Ka ce, "Wato kana ganin an ɗauki abin da zafi fiye da yadda yake." Zai ci gaba da magana, domin ka ji shi.

Gargaɗi: kalmomi irin su ɗan ƙwaya, mashayi ko lalatacce kada su fito daga bakinka, ko da wasa. Kuma kada ka matsa masa sai ya amsa cewa shi kamamme ne kafin a ci gaba. Mutane da yawa sun daina ba tare da sun taɓa karɓar wannan suna ba. Nasarar zaman farko guda ɗaya ce: ya dawo zama na biyu.

Mataki na 3: Fito da niyyarsa daga bakinsa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Hanyar ita ce wadda masana halayyar ɗan'adam William Miller da Stephen Rollnick suka tsara, za mu iya kiranta hirar zaburar da niyya. Tushenta shi ne cewa kusan duk mai shaye-shaye zuciyarsa biyu ce, ɗaya na so ya daina, ɗaya na so ya ci gaba. Idan ka kama ɓangaren "ka daina", shi sai ya kama ɗaya ɓangaren ya yi ta kare shi, kuma mutum ya fi yarda da abin da ya ji kansa yana faɗa. Wani bincike da Miller da abokan aikinsa suka wallafa a 1993 ya nuna cewa gwargwadon yadda mai ba da shawara ya riƙa tunkarar mutum da musu, gwargwadon yawan giyar da mutumin ke sha bayan shekara guda.

Makamanka huɗu ne. Na farko, tambayar da ba a amsa ta da e ko a'a: a maimakon "Ba ka san yana cutar da kai ba?" ka ce "Me ya canza a rayuwarka tun da ka fara?" Na biyu, yabo na gaskiya a kan abin da ya faru da gaske, kamar "Ka taɓa yin wata biyu ba ka sha ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne." Na uku, mayar masa da maganarsa da kalmominka don ya ji ta daga waje. Na huɗu, taƙaitawa lokaci-lokaci, inda za ka tattara abin da ya faɗa ka miƙa masa.

Ka fara da tambayarsa amfanin abin. Iyaye sukan zabura idan suka ji wannan, amma ruwa ba ya tsami banza. Wani don ya samu barci yake sha, wani don ƙarfin aiki, wani don ya iya magana cikin mutane, wani don ya danne wani baƙin ciki da bai taɓa gaya wa kowa ba. Idan ba ka san aikin da ƙwayar ke yi masa ba, ba za ka san abin da za a sa a gurbinta ba. Bayan ya gama lissafa amfanin, sai ka ce, "To ɗaya gefen fa? Me ba ka so game da shi?" A nan zai faɗi abubuwan da aka shekara ana gaya masa, amma yanzu nasa ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai wata dabara mai sauƙi ta ma'auni. Ka ce, "Daga 0 zuwa 10, yaya muhimmancin rage wannan abu yake a wurinka?" A ce ya ce 4. Sabon shiga zai ce, "Me ya sa ba 9 ba?" sai mutumin ya shiga jero dalilan ci gaba da sha. Kai ka ce, "Me ya sa 4, ba 1 ba?" Dole amsarsa ta zama dalilin dainawa: "Saboda 'yata ta fara wayo, ba na so ta gan ni a haka." Ka riƙe wannan jimla, ka rubuta ta, za ka buƙace ta nan gaba. Ka sake yin ma'aunin a kan ƙarfin gwiwa: nawa yake ganin zai iya? Wani yana so ƙwarai amma ya fid da rai, wani yana ganin zai iya amma bai ga dalili ba. Aikin da za a yi wa kowannensu daban ne.

Idan akwai bayanin lafiya da ya wajaba ya sani, ka nemi izini tukuna: "Zan iya gaya maka abin da aka sani game da tiramol da jijjiga?" Ka faɗa a taƙaice, sannan ka tambaye shi yadda ya ga maganar.

Gargaɗi: kada ka yi gaggawar zuwa shiri. Idan har yanzu yana cewa "amma", ba a gama wannan mataki ba. Yana iya cin zama ɗaya, yana iya cin huɗu. Idan ka lura kai ne ke yawan magana a ɗakin, ka koma wa'azi ba ka sani ba.

Mataki na 4: Rubuta shiri, a haɗa da likita

Idan ya fara tambayar "to yaya zan yi?", lokaci ya yi. Ku rubuta tare, da hannunsa: abin da zai canza, dalilinsa, ranar farawa, mutum ɗaya ko biyu da za su taimaka, da abin da zai iya kawo cikas. "Zan gyara halina" ba shiri ba ne. "Daga Litinin ba zan bi ta hanyar mai sayarwa ba, zan goge lambarsa yau" shiri ne.

Idan bai yarda ya daina gaba ɗaya ba, kada ka kore shi. Ku fara da abin da ya yarda: ba zai haɗa giya da ƙwaya ba, ba zai yi tuƙi a buge ba, ba zai yi tarayyar allura ba. Wanda ya ci gaba da zuwa yana iya kaiwa ga dainawa.

Gargaɗi: ga wanda ya kamu da dangin hiroyin, kodin ko tiramol, magana kaɗai sau da yawa ba ta isa. Akwai magunguna kamar metadon da bufrenofin waɗanda ke rage mutuwa ƙwarai, ga kuma naltirezon da akamfroset domin giya. Likita ne ke rubuta su. Kada ka ce wa mai shan su "ai ka canza wata ƙwaya da wata ne", wannan maganar ta sa mutane sun ajiye maganin da ke riƙe da ransu. Haka nan idan akwai ciwon damuwa, firgici ko taɓin hankali, tare ake maganinsu, ba a jira sai ya daina sha.

Mataki na 5: Bin sawun abin da ke tunzura shi

Wannan shi ne gyaran tunani da ɗabi'a, wanda ake taƙaita sunansa da CBT, kuma yawanci yakan ɗauki zama 12 ko kusa da haka, sau ɗaya a mako. Ka sa ya ja layi biyar a littafinsa: ina nake kuma da wa, me nake ji, me na faɗa wa kaina, me na yi, me ya biyo baya. Duk lokacin da ƙishin ya taso, ko ya sha ko bai sha ba, ya cika. Cikin mako biyu sawun zai bayyana. Za ku ga cewa abin da yake kira "kawai sai na ga na sha" yana da lokaci da wuri da mutane: ranar da aka biya shi kuɗi, bayan faɗa da matarsa, yamma idan ba aikin yi, haɗuwa da wane. Yunwa, fushi, kaɗaici da gajiya su ma manyan ƙofofi ne.

Abin da za a iya kauce masa, a kauce. A fitar da ragowar kayan daga ɗaki, a canza hanya, a rage kuɗin da ke aljihu a makonnin farko. Maganar abokai ita ce mai wuya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, wannan kowa ya sani, amma idan ka ce ya rabu da su ba ka sama masa wasu ba, ka bar shi da kaɗaici, wanda shi ma ƙofa ne.

Abin da ba a iya kauce masa, a koyi tsayuwa a gabansa. Ka koya masa cewa ƙishin abin yana tasowa, ya kai ƙololuwa, ya sauka da kansa, yawanci cikin rabin awa, ko ya sha ko bai sha ba. Da yawansu ba su taɓa sanin haka ba, domin ba su taɓa jira ba. Ya duba agogo, ya bar wurin da yake, ya kira mutumin da suka yi alkawari, ya yi tafiyar ƙafa ko wanka, ya karanta jimlar nan da ya faɗa game da 'yarsa. Duk ƙishin da ya wuce ba a biya masa buƙata ba, na gaba yakan zo da rauni.

Sai gwajin cewa a'a. Kada ka tsaya a bayani, ku yi shi kamar wasan kwaikwayo. Kai ka zama abokin: "Haba mutumina, ɗaya kawai, yau ɗin nan." Shi ya dube ka ya ce, "Na daina, kar ka sake miƙo mini," ya sauya magana ko ya tashi. Zai yi dariya a karon farko, ku maimaita har ta zauna a bakinsa. Uzuri irin "yau ba na jin daɗi" ba shi da amfani, gobe za a sake miƙo masa.

Tunanin da ke buɗe ƙofa su ma a kama su: "ɗaya ba zai yi komai ba", "na yi ƙoƙari, na cancanci hutu", "bari in gwada kaina". Ga kowanne, ya rubuta amsa daga tarihinsa: sau nawa ɗaya ta tsaya a ɗaya?

Gargaɗi: kuskuren da na fi gani shi ne barin rana fanko. Mutumin da yake kashe awa biyar kullum wajen nema da sha da farfaɗowa, yanzu awa biyar ɗin suna zaune suna kallonsa. Ku tsara mako awa-awa, da aiki ko koyon sana'a, motsa jiki, ibada ga mai yi, da lokacin barci. Barcin zai rikice na makonni, ka gaya masa tun da wuri don kada ya nemi ƙwayar barci.

Mataki na 6: Tukuici a kan gwaji mai tsabta

Wasu suna raina wannan, suna cewa ya za a biya mutum don ya bar abin da ke cutar da shi. Amma ga hodar iblis da metamfetamin, waɗanda har yanzu ba su da wani magani da aka amince da shi, wannan hanya tana cikin mafi ƙarfin hujja. Ribar dainawa tana nesa, daɗin ƙwaya yana kusa, tukuicin yana jawo ribar ne ta matso.

Ana gwada fitsari sau biyu ko uku a mako, na tsawon kamar mako 12. Duk gwajin da ya fito tsaf, a ba shi tukuici nan take, ƙarami da farko, yana ƙaruwa idan tsabtar ta ɗore a jere. Idan gwaji ya nuna ya sha, babu faɗa babu hukunci, tukuicin dai ya koma matakin farko. An fi so ya zama kaya ko takardar sayen kaya maimakon tsabar kuɗi.

Gargaɗi: ka san abin da tsinken gwajinka ke ganowa. Wanda ake gwada dangin hiroyin da shi ba ya nuna tiramol, sai an sayi nasa na musamman. Wiwi kuma yakan daɗe makonni a fitsarin wanda ya saba sha sosai, don haka kada ka ƙaryata mutumin da ya daina da gaske. Kuma kada a yi gwaji a ɓoye ko da tilas.

Mataki na 7: Shigo da iyali

Da izininsa ake yin wannan. Idan kuma shi ya ƙi zuwa sam, ana iya farawa da iyalin kaɗai ta hanyar da Robert Meyers ya tsara, mai suna CRAFT. A wani gwaji da aka wallafa a 1999 a Amurka, iyalan da aka koya musu ita sun shawo kan kashi 64 cikin ɗari na masu shan giyar da suka ƙi magani har suka shiga, alhali hanyar taruwa a tunkari mutum gaba da gaba ta samu kashi 30.

Abu uku ake koya musu. Su nuna jin daɗi a fili lokacin da yake cikin hankalinsa: "Ɗana, jiya da ka dawo da wuri muka zauna muka yi hira, raina ya yi fari." Su janye ba tare da hayaniya ba lokacin da yake a buge, domin magana da mai maye asarar yawu ce, a bari sai gari ya waye. Sannan su daina share masa ɓarnar da ya yi: biyan bashin mai sayarwa, yi masa ƙarya a wurin aiki, maye gurbin kayan da ya sayar. Wannan na ukun ya fi yi wa uwa ciwo, sai an bi ta a hankali. Ba a hana shi abinci, wurin kwana ko magani.

Ka tambayi matar ko uwar yadda ita take. Sau da yawa ta shekara ba ta yi barcin kirki ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta.

Gargaɗi: idan yana duka ko barazana, tsaron matar da yara ne farko. Kada ka haɗa su zama ɗaya, kada ka ba ta aikin da zai tunzura shi. Duka, ɗauri ko tozarta mai shaye-shaye kuwa ba magani ba ne, ƙin dawowa kawai suke koya masa.

Mataki na 8: Haɗa shi da waɗanda suka riga shi

Kai awa ɗaya kake da shi a mako, saura awa 167. Ƙungiyoyin taimakon juna irin su Alcoholics Anonymous, wadda aka kafa a 1935, da Narcotics Anonymous da SMART Recovery ba a biyan kuɗin shiga, kuma suna yin taro ta intanet. Kada ka miƙa masa adireshi kawai. Ka haɗa shi da wani mamba tun yana gabanka, ka nemi ya je sau uku ko huɗu kafin ya yanke hukunci. Idan wata ba ta yi masa ba, a gwada wata.

Mataki na 9: Shirya wa tuntuɓe tun kafin ya zo

Cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka, NIDA, ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan sake sha, kwatankwacin yadda hawan jini ko asma ke tasowa bayan sun lafa. Saboda haka ka yi maganar tun yana cikin nasara. Ka bambanta masa tuntuɓe da komawa 'yar gidan jiya. Abin da ke mayar da na farko ya zama na biyu shi ne tunanin nan na "tunda na riga na ɓata, bari in ƙarasa", wanda masanin halayyar ɗan'adam Alan Marlatt ya yi bayaninsa sosai. Ku rubuta a ƙaramin kati: in na zame, zan tsaya nan take, in bar wurin, in kira wane, in zo zama cikin kwana biyu. Idan ya zo, ka yi masa sannu da zuwa, ku buɗe littafin layi biyar ku ga ta wace ƙofa aka shigo.

Gargaɗi, kuma wannan ya fi duk na baya: wanda ya daina dangin hiroyin ko kodin na 'yan makonni, jikinsa ya rasa sabon da ya yi. Adadin da yake sha a da zai iya kashe shi yanzu. Makonnin farko bayan fitowa daga asibiti, cibiyar gyaran hali ko gidan yari su ne mafi haɗari. Iyali su san alamun: numfashi ya yi ƙasa ko ya tsaya, leɓe ya sauya launi, ƙwayar ido ta tsuke, ba ya farkawa ko an girgiza shi. A ba shi nalokson, maganin da ke warware ƙarfin dangin hiroyin a jiki, idan akwai, a kwantar da shi a gefensa, a nemi agajin gaggawa. Ƙarfin nalokson yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, don haka ko ya farka sai an kai shi asibiti.

Lokaci da abin da za a kashe

Ƙasa da wata uku, a cewar NIDA, amfanin magani kaɗan ne. Ka gaya wa iyali haka tun rana ta farko don su lissafa: kuɗin zama na mako-mako, kuɗin mota, ranakun aikin da za a rasa, ganin likita, magani, da tsinken gwaji da tukuici idan za a yi mataki na 6. Kwanciya a cibiya ita ce mafi tsada, kuma ba kowa ke buƙatarta ba. Ta fi dacewa da mai haɗarin ciwon yaye, ko wanda gidansa cike yake da masu sha, ko wanda aka gwada daga gida aka kasa. Ko an kwanta, idan ba a ware kuɗin bibiya bayan sallama ba, an zuba ruwa a kwando. Duk wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin mako guda, ko ya hana iyali ganin inda ake ajiye mutane, a guje shi.

Kada kuma a ɓata lokaci wajen gardamar wace hanya ce ta fi. Babban binciken nan na Project MATCH, wanda ya bi mutum 1,726 masu matsalar giya aka fitar da sakamakonsa a 1997, ya kwatanta hirar zaburar da niyya zama 4, gyaran tunani da ɗabi'a zama 12, da hanyar matakai goma sha biyu ta Alcoholics Anonymous zama 12. Duka ukun sun yi aiki, bambancinsu kaɗan ne.

Mataki na 10: Bibiya

Ba a yanke zama farat ɗaya. Daga mako-mako a koma bayan mako biyu, sannan wata-wata, har a cika shekara, ko da ta waya ce ta minti goma. Tun a zaman farko ka nemi izininsa da lambar mutum ɗaya da za ka iya kira idan ya ɓace. Ranar da bai zo ba, ka kira shi a ranar, kada ka jira mako ya zagayo, domin yawanci ya zame ne kunya ta hana shi zuwa. Kada ka tambaye shi dalili a waya. Ka ce, "Ɗan'uwa, ban gan ka yau ba. Ina da wuri ranar Alhamis da ƙarfe huɗu, in rubuta sunanka?"